Mutum Nawa Suka Danne San Malam Idi?

Samari, ku matso inuwa, tunda kun ce aikin banza nake yi. Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa fawa ai ba wata sana'a ba ce, wuƙa ce kawai da ƙarfin hali, ko shi aka ba saniya yau zai fito da ita kashi-kashi kafin azahar. To, Allah ya ba da sa'a. Ni Tanko a kan gungumen nan na tsufa, haƙorana na gaba sun yi gaba, wannan yatsan ya daina lanƙwasuwa, kuma har gobe in na ga dabba a kwance sai gabana ya faɗi. Wuƙa ita ce ƙaramar aba a sana'ar nan. Babban makamin mahauci bakinsa ne, kuma nawa bakin saura ƙiris ya tashe ni daga kasuwa.

A hannun kawuna na koya, Kawu Bawa, nan kasuwar Baure. Na daɗe ban taɓa wuƙa ba. Wankin tumbi da hanji ne aikina, in dawo gida ƙudaje na rakiyata har zaure. Daga nan aka ɗaga ni zuwa riƙe ƙafa, sannan fiɗa. In ka huda fata Kawu ba ya magana, ƙeyarka ce za ta ba ka labari. Kayan aikin ga su kuna gani: barho na yanka, ƙaramar wuƙa ta fiɗa, gatari na ƙashi, dutsen washi, jigon rataya, sai gungumen tsamiya don ba ya tsagewa. Amma abin da ya fi daɗewa yana koya mini shi ne kallon dabba tun tana tsaye. Ka taɓa tozo, ka danna gindin wutsiya, ka dubi hanci ko da danshi, ka tsaya ka ga ko tana tuƙa. Saniyar da ta daina tuƙa, ko kyauta aka ba ka, ka fara tambayar dalili.

Sai kuma baki. Kawu ya ce nama ba ya tallar kansa. Tsohuwar saniyar da ta haifi rabin garke, in ta hau jigonmu sai ta koma karsana. Na kama wannan darasi fiye da kowanne, har na fi malamina. Mai tuwo-tuwo ta zo in ce mata ƙashin nan ɓargo ne zalla. Ma'aikaci ya zo ƙarshen wata in ce tsokar nan don shi na ɓoye ta tun safe. Akwai wani dattijo da yake zuwa ya tsokani kowane kashi da yatsa, ya gama ya sayi huhu, shi ma ban taɓa barinsa ya tafi ba tare da na yi wa huhun kirari ba. Kowa ya san ana ƙara gishiri, ba wanda ya damu. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: mushe. Ranar da aka ce mahauci ya sayar da abin da ya mutu ba yanka, ya gama. Na san wani da aka yi wa wannan shaida, ko rake ya kasa ba a saye, sai da ya bar ƙasar Daura gaba ɗaya.

Shekarar da ciwon huhu ya shiga shanu ita ce muguwar shekarata. Hukuma ta turo mana malamin dabbobi kwata inda ake yanka, wani matashi mai farar riga da takalmin roba har gwiwa. Ba naman da zai fita sai ya duba ya buga masa hatimi. Ran nan na kawo wata saniya da na zuba duk ƙarfina a kanta. Aka yanka, aka feɗe, ya sa hannu a ƙirji, sai ga huhu ya manne da haƙarƙari, ruwa rawaya yana bin hannunsa.

Ya ce, "Baba, wannan ba za ta shiga kasuwa ba."

Na ce, "Malam, huhun ne ya lalace. Cire shi ka ba karnuka. Cinya me ta yi maka?"

Ya ce ciwon ya bi jiki, naman ma ya sake launi. Ina tsaye aka haƙa rami, aka kwarara mata kananzir, aka rufe. Na yi tsalle, na yi rantsuwa, na ce sai na ga inda shari'a ta ƙare. Na je wurin Sarkin Fawa, ya haɗa ni da wani tsohon magatakardan kotu. Mutumin ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Tanko, koma gida. Doka ce ta ba shi ikon. In dai ya duba yadda ya kamata, bai yi sakaci ba, bai wuce inda aka tsayar da shi ba, ba alƙalin da zai sa shi ya biya ka ko kofato."

Na dawo da darasi, sai dai na ɗauke shi a karkace. Abin da ya zauna a kaina shi ne, duk wanda ya halaka dabbar wani don amfanin jama'a, ba mai taɓa shi. Ku riƙe wannan wautar tawa, da ita na tafi kotu.

Farkon daminar shekarar aka yi ruwa, aka yi shuka, sai ruwan ya ɗauke. A irin wannan lokaci gyauron dawa yakan fito a gefen gonaki, ya yi yaushi, ya zama guba ga shanu. Ina dawowa daga garin Babban Mutum a kan babur da hantsi, ranar kasuwarmu, sai na ga wata tsohuwa a bakin hanya tana ɗaga mini zane. Gwaggo Tabawa ce, mai sayar da daddawa, ta fito itace. Ta ce, "Tanko, Allah ne ya kawo ka. San Malam Idi ne ya tsinke igiya ya faɗa gyauro."

Malam Idi manomi ne a wani ɗan ƙauye nan kusa, mutum ne marar yawan magana. Shanun huɗa biyu gare shi, su ne gonarsa, su ne kuma abin da yake yi wa mutane ƙodago da su. Wanda ya faɗi shi ne jan, babban. Na same shi kwance a kan haƙarƙari, ciki ya kumbura kamar ganga, kumfa a baki, numfashi sama-sama, ido ya fara juyawa. Na ɗaga masa wutsiya ta faɗi. Na murɗa masa kunne bai ko girgiza kai ba.

Na ce, "Ina mai shi?"

Ta ce ya ƙetara Nijar ta'aziyya tun jiya. Na kira wayarsa, ba ta shiga. Na kira malamin dabbobi, aka ce yana Daura wurin taro. Gwaggo Tabawa ta ce, "Kai ɗan nan, waya za ka yi ta latsawa har ya zama mushe? Ba wuƙa a jikinka?"

A kwata ba ni ke yanka ba, muna da malamin yanka. Amma na iya, kuma barhona na ɗaure a bayan babur. Ni da tsohuwar nan muka ja kansa ya dubi alƙibla, na yi bisimilla, na yanka. Jini ya tsarto, ya harba ƙafar baya sau ɗaya, ya miƙe ta, shi ke nan. Wannan ɗan motsin da jinin nan su ne suka raba shi da mushe, kuma duk mun gani.

Na je na gaya wa mai garin su Malam Idi. Ya ce nama ba ya jiran mai shi a wannan zafi, in kai kasuwa in sayar, a ajiye wa Malam Idi abin da aka samu. Aka kawo amalanke. Malamin dabbobi ya iso da azahar, ya duba, ya ce a zubar da kayan ciki duka, tsoka kuwa lafiyarta lau, ya buga hatimi. Har nan ban yi laifin komai ba. Da na rataye naman na yi shiru, da yau ba ni da labarin ba ku.

Amma labari ya riga ni zuwa kasuwa, an ce san ya faɗi ne a daji. Na ga mutane suna zuwa su leƙa su wuce, ana ƙus-ƙus. Na san kalmar da ke bakinsu ko ba su furta ba. Sai tsoro ya kama ni, bakina kuma ya buɗe. Na ce, "Wane ne ya ce ya faɗi? Wannan san da sai da muka haɗu mu uku muka kayar da shi?" Aka fara matsowa. Kafin la'asar mun zama mu huɗu, ya kuma fasa mini ƙafa da harbi, har ɗingishi na riƙa yi. Kafin a tashi kasuwa mu shida ne, ya ja mu a ƙasa har cikin ƙaya. Nama ya ƙare tas. Na koma gida ina jin ba mahauci kamata a ƙasar nan.

Da Malam Idi ya dawo, na kai masa kuɗin naman da fatar a gaban mai gari. Bai taɓa ba. Ya dube ni ya ce, "An ce ku shida kuka danne shi."

Na ce, "Ai Malam, ka san kasuwa."

Ya juya ya shige gida. Ba a daɗe ba sammaci ya same ni a kan gungumen nan.

Na tafi kotu da sabuwar riga, ko ɗar ban ji ba. Ɗakin ya cika da mahauta da masu sayen namana, har ta taga ana leƙe. Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya. Malam Idi ya tashi ya ce an yanka masa lafiyayyen sa ba da izininsa ba, ga huɗa ta zo, ga shi da sa ɗaya. Aka ce in yi magana.

Na gyara tsayuwa na ce, "Allah ya gafarta Malam, aikin hukuma na yi. Malamin dabbobi ya binne mini saniya sukutum bana, aka ce ba a ƙararsa don amfanin jama'a ya yi. To ni ma amfanin jama'a na yi."

Alƙali ya ce, "Wace hukuma ce ta ɗauke ka aiki?"

Na ce, "Ba ta kai ga ɗauka ba tukuna."

Aka yi dariya har sai da ɗan sanda ya tsawata. Alƙali bai yi ba. Ya ce, "Tanko, saurara. Hanya biyu ce ka ambata ka cakuɗa su. Malamin dabbobi doka ce ta ce masa je ka yi kaza, ita ce take kare shi muddin bai ƙetare ta ba. Kai ba dokar da ta aike ka. Abin da za ka iya fakewa da shi lalura ce. Ita kuma tana da sharaɗi: halaka ta zo ga ta a gabanka, ba mai shi kusa, ba wata dabara, kuma ɓarnar da ka yi ba ta kai wadda ka hana ba. In san nan mutuwa yake yi, ka ceci dukiyar ɗan'uwanka, ba ka da abin biya. In kuwa da ƙarfinsa, ka yi ta'adi. Yanzu gaya mini, yaya ka same shi?"

Na ce, "Ai Malam, ya gama. Gawa na tarar."

Wata mai tuwo-tuwo da ta sayi cinya guda a wurina ta yi salati daga baya. Alƙali ya ce, "Gawa ka yanka ka sayar wa Musulmi?"

Na ce, "A'a, a'a, da ransa. Da ransa ƙwarai."

Ya ce, "Ƙwarai kamar yaya? Mai ƙara ya kawo mutanen da suka ji ka a kasuwa. Ɗaya ya ce ku uku kuka kayar da shi, ɗaya ya ce huɗu, ɗaya ya ce shida. Ina sauran biyar ɗin? A kira su."

Wallahi gumi ya jiƙa sabuwar rigar nan har ƙugu. Ku duba inda bakina ya kai ni. In na ce ya mutu, na sayar da mushe, ba ni ba fawa har abada. In na ce da ƙarfinsa, na zama mai bin daji yana yanka shanun mutane in sun ba da baya, wannan ma ba mai sake sayen namana, ga biyan sa a shekarar da ba ni da ko akuya. Gaskiyar tana tsakiya, 'yar siririya, kuma ba ni da hanyar zuwa wurinta sai ta kan mutuncina.

Aka kira malamin dabbobi. Ya ce ya ga tumbin cike da gyauro, kuma irin wannan guba ba ta ba da lokaci. Alƙali ya tambaye shi ko da magani. Ya ce akwai allura, da yana wurin da zai gwada, amma daga Daura kafin ya iso sai dai ya tarar da ungulu. Aka kira Gwaggo Tabawa. Ta ƙi zama a benci, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Ni dai ban ga ƙarti shida ba. Ni ce na riƙe ƙaho, ni da ko tulu ba na iya ɗauka. In ni ce mutum biyar, to."

Alƙali ya juyo gare ni. Ya ce, "Shaidarta ta taimake ka, amma maganarka ta ƙaryata ta. Ba zan yanke hukunci da baki biyu ba. Wanne ne gaskiya, na kasuwa ko na kotu? Ka ɗaga murya, waɗanda ke taga su ji."

Na dubi mutanen nan. Duk wanda na taɓa ce wa tsohuwar saniya karsana ce yana wurin. Na ce, "Na kasuwa ƙarya ne, Allah ya gafarta Malam."

"Duka?"

"Duka. Ba wanda ya danne shi. Bai iya ko ɗaga kai ba. Da na yanka jini ya tsarto, ya harba ƙafa ɗaya."

"Ɗingishin fa?"

"Shi ma na kasuwa ne."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba, har shi alƙalin sai da ya sunkuyar da kai yana gyara rawani. Ya yanke hukunci cewa yankan lalura ne, naman halal ne, ba ni da abin biya, kuɗin nama da fata na mai sa ne. Ya ƙara da cewa in da akwai dokar da ke hukunta baki da ya ɗaure ni.

Na tsira da sana'ata, amma tun daga ranar ba na faɗin kalma a kasuwar nan a karɓa haka kawai. In na ce nama na da taushi, sai a ce, "Tanko, na kotu ko na kasuwa?" Yaran da ba a haifa ba lokacin ma sun gaje ta. Na ji ku ma ɗazu kuna faɗa, ba ku san inda ta samo asali ba.

Da aka watse na tsaya a gindin dalbejiyar ƙofar kotu ina jiran mutane su ragu, don ba ni da idon haɗawa da kowa. Sai ga Malam Idi ya nufo ni. Na ɗauka zagi zai yi, na shirya haƙuri. Ya tsaya gefena yana kallon hanya.

Ya ce, "Tanko, na san gyauro. Ubana ma ya rasa saniya a kansa. Da ka zo ka ce mini ka same shi ya gaza, da ko wurin mai gari ba zan je ba."

Na ce, "To Malam, me ya kai mu nan?"

Ya ce, "Tun yana ɗan maraƙi uwarsa ta mutu, da hannuna na riƙa ba shi kunun dusa. Bai taɓa harbin kowa ba, jikata takan ja shi da zare. Sai na dawo na ji ana ba da labari a teburin mai shayi, ana dariya, wai ya ja mutum shida cikin ƙaya. Na ce san da bai taɓa faɗa ba, me aka yi masa har ya yi wannan faɗan? Da shi nake kwana, da shi nake tashi."

Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko a gaban alƙali. Duk tsawon rigimar nan nama nake gani da sunana, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wanda yake jin labarin nan nawa yana ganin dabbarsa a ciki ba.

Ya ce, "Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Ya sha wuya?"

Na ce, "Bai sha ba, Malam. Bai ma san na zo ba."

Ya juyo ya dube ni sosai, ba alamar wasa a fuskarsa. Ya ce, "Na kotu ko na kasuwa?"

Na ce, "Na kotu."

Ya gyaɗa kai, ya share ido da bakin hannun riga. Ya ce bari ya tafi, hadari ya haɗo gabas, kuma har yanzu bai sami wanda zai ara masa sa ba.